Alƙalin Faransa

Raguna arba'in da bijimai shida na je saye wurin wani mai gari bayan Birnin Lalle, saura sati uku Layya. Da dillalina na je. Mun daidaita da mai gari, saura mu sha hannu.

Ana jiran shayi sai wani ya kunna fim a waya, na yaƙin Ingila da Faransa zamanin takobi. Na taɓa kallonsa sau biyu, saboda haka na gyara zama.

"Ranka ya daɗe, bari in taƙaice maka," na ce wa mai gari. "Sarkin Ingila ne ya nemi sarautar Faransa, wai ta wajen uwarsa. Ina aka taɓa naɗa ɗan mace?"

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Dillalina ya taka mini ƙafa, na janye na ƙara da cewa, "Ai ƙwace ne!"

Mai gari ya ajiye kofinsa a hankali.

"Alhaji, ni ma rawanin ƙanen mahaifiyata na gada. Dabbobin ɗan mace ba su dace da kai ba."

Na dawo Dakoro da mota wayam, ban samu ko tunkiya ba sai suna. Har yau in na shiga kasuwar dabbobi sai dillalai su miƙe: "Alƙalin Faransa, wa za mu naɗa yau?"