Dodo a Bangon Zinariya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Alhaji Mamman ya zo binciken jikana Nura ba, a gidanmu na unguwar Faisal, nan ƙasar Larabawa. Alhajin ɗan Nijar ne, yana sarin kaya a kasuwar Ataba, 'yarsa kuma Nura ke nema.

Ni ko allo ban riƙe ba, amma ido gare ni. Na lura Nura na shigowa da littattafai daga Darrasa, unguwar masu buga littattafai, baƙin bango da zanen ruwan zinariya, irin na manyan malamai. Duk Juma'a abokansa su kewaye tebur, shi yana karantawa da murya mai kauri, su suna jinjina kai. Na ce to, yaro ya fara ba da karatu. Na hana kowa taɓa littattafan ba alwala (har kyanwar maƙwabta ta sha tsintsiya saboda su).

Alhaji na zama na ɗauko mafi kaurinsu, na sumbata, na miƙa masa da hannu biyu.

"Duba abin da yaron nan ke karantar da Larabawa."

Ya buɗe. Dodo mai fukafukai yana aman wuta. Ya juya shafi, ga wani ƙato ba riga, da gatari.

"Hajiya, wannan wane fanni ne?"

Nura ya hau in'ina. Wai wasa ne na tebur, kowa ya zama jarumi a cikin labari. Littafin na Turawa ne, da tsada, shi ne yake sauko da shi kyauta daga intanet, a buga, a yi masa bango a Darrasa, ya sayar wa 'yan jami'a.

"Masu shi sun sani?" in ji Alhaji.

Nura ya hau sosa ƙeya.

"Ma'alish, ba komai," in ji Alhaji, ya fara laluben takalmi.

Na ji kamar in nutse. Wata da watanni ina yi wa dodo alwala! Amma aure na gani zai fice, sai na riga shi zuwa ƙofa na tokare.

"Alhaji, koma ka zauna. Kai kuma mijin banza, gumin wani kake sayarwa?"

"Kaka, ai kowa haka yake yi a nan."

"Kowa ba jikana ba ne. Ɗauko na'urar."

Na tsaya a kansa ya goge littattafan da ke cikinta kaf (Alhajin na sa ya duba, kada a yi min wayo). Na sa ya buga wa masu saye waya a gabanmu, ya ce khalas, an rufe kasuwa. In wasan yake so, ya sayi na halak.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Gidan da ke da irinki, Hajiya, na ba da 'yata."

Aka ɗaura, na sha guɗa. Yanzu kuwa, ko takardar magani jikokina suka shigo da ita, sai amaryar Nura ta karanta min tukuna kafin in fara yabo.