Jawabin Mai Girma da Ninjan Markus

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tafa wa wani babban mutum har tafin hannuna ya yi ja. Na miƙe tsaye, na ɗaga hula, na kuma roƙe shi ya ƙara magana. Akwai masu ɗaukar hoto a wurin, don haka gara ku ji labarin daga bakina kafin ku gan ni manne a jikin bango ina washe haƙora.

Abin ya samo asali ne daga gidan maƙwabcina Markus. Tsohon soja ne, da igiya uku ya bar aiki, kuma duk unguwarmu a nan Zuru Saja ake ce masa, har matarsa Dinah. 'Yarsu Goodness da za ta tafi gidan miji ta bar musu wani tsohon akwatin gem, irin wanda ake jonawa da talabijin. Wasa ɗaya ne a ciki. Wani ɗan guntun ninja ne, wato mayaƙin nan mai baƙaƙen kaya da ba a ganin komai nasa sai ido, yana gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana faɗa da agwagi masu takobi da wasu ƙattin kuku masu jifa da ludayi. In aka buge shi sai wandonsa ya zame, ya tsaya ɗaurawa, a ƙara masa. A ƙarshen hanya, in ji Goodness, akwai ubangidansu duka, wani ƙato da ke zaune cikin baho yana jifa da takalmi.

Na ce in ji Goodness, domin ban da ita, a unguwar babu wanda ya taɓa ganin ƙaton nan. Akwatin ya tsufa, ba ya riƙe inda mutum ya tsaya. Da an ɗauke wuta, ka koma farko. Wasan yana son zama daga hantsi har la'asar, wutarmu kuwa kun san halinta, kamar sabon suruki take: ta gaisa a tsugune, ta fice. Janaretan Markus lafiyarsa lau, mai ne babu. Rabonsa da shi tun ranar da muka wuni a layi aka ce mana ya ƙare, muna kallo ana cika wa wata baƙar mota ta ƙofar baya.

Da a nan abin ya tsaya, da babu labari. Sai wata rana Goodness ta bugo waya, Markus ya buɗe murya don majalisa ta gaisa da ita, ita kuwa ta ce, "Baba, har yanzu kana wajen agwagi? Ni fa ina sakandare na gama shi."

Majalisa ta yi dariya. Markus bai yi ba. Ya miƙe, ya ƙame, ya ce, "Daga yau kada kowa ya ƙara ce mini Saja sai na ga bayan mai bahon nan."

Mun ɗauka wasa ne. Ashe mutumin da gaske yake. In ka ce masa Saja sai ya wuce kamar da bishiya kake. Dinah ta koma kiransa Baban Goodness, kowane kira kamar ana cire masa haƙori. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman igiya uku, ga shi agwagwa ta cire masa su a falonsa. Har ramewa ya fara.

Nana Khadija mai ƙanƙara ce ta kawo mafita. A harkar wuta babu wanda ya kai ta lura, tunda firji ne abincinta. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Baban Goodness, mi za ka ba ni goron albishir? Mai Girma na zuwa Asabar."

Ga waɗanda ba 'yan unguwarmu ba, bari in yi bayani. Duk ranar da Mai Girma Uban Almakashi, Garkuwan Alƙawari, ya shigo gari, wuta takan zo ta zauna daram kamar an ɗaure ta. Da jiniyarsa ta fita gari, sai ta bi shi. Ban ce wani ne yake ba da umarni ba. Wataƙila ita ma wutar son ganin manya take yi.

Matsalar ɗaya ce. Mai Girma zai zo ne aza harsashin sabuwar kasuwa, kuma aikin ba ya ɗaukarsa lokaci, domin ya saba. Harsashin da ya aza bara yana nan gefe, awaki na shan hantsi a kai. In aka bar shi, kafin azahar ya gama ya tafi, Markus kuwa ko gadar da ke cikin wasan bai kai ba.

Markus ya zana taswira a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Kai da Dinah ku je fili. Aikinku ɗaya ne: kada ya sauka daga dandamali. Nana Khadija za ta zauna nan da waya, ta riƙa ba ku labarin fagen fama."

Na ce, "Markus, ka san ra'ayina a kan mutumin nan."

Ya ce, "Ba ra'ayinka nake so ba, Malam. Tafin hannunka nake so."

To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na tafi.

Dinah ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma ta zo da rundunarta kaf, da tuluna na kiɗa, da anko. Mai Girma ya hau dandamali ya ce, "Jama'ata." Muka tafa. Ya ce, "Na zo." Muka tafa. Ya sha ruwa, muka tafa. Da farko ya ɗan dube mu da zargi, don ba haka ya saba samunmu ba. Amma yabo kamar zuma yake, ba a tambayar kudan da ya yi shi. Nan da nan ya saki jiki.

Waya ta yi ƙara. Nana Khadija ce. "Ya wuce agwagi. Shina kan gada. Ku dai riƙe shi."

Duk lokacin da Mai Girma ya ce "daga ƙarshe", sai Dinah ta ɗaga murya da waƙa, kuma ba ta zaɓi gajeru ba. Mai gabatarwa ya taso zai tsayar da su, Mai Girma ya ɗaga hannu. "Ƙyale su. Iyayenmu ne." A cikin wannan yanayi ya yi mana alƙawarin kasuwa mai hawa biyu, ya ƙara mata hawa ɗaya bayan waƙa ta gaba, ya ce zai gyara hanyar Ribah har mutum ya ɗora kunu a kan babur bai zube ba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, me aka raba muku ne mu ba a ba mu ba?" Na ce, "Baba, ka dai tafa, taimako ne."

Rana ta karkata. Muryar matan ta fara dishewa. Na ga Mai Girma ya naɗe takardarsa, direbobi sun fara tayar da motoci. A daidai nan waya ta sake ƙara.

"Ya iso ga mai baho! Wando ya zame, an ƙara mishi, ransa ɗaya ya rage. Don Allah ku riƙe shi, ni ma ƙanƙarata ba ta gama kamawa ba!"

Masu karatu, iya ruwa fid da kai. Na ɗaga hannu, na miƙe, na cire hula. Na ce, "Ranka ya daɗe, matasanmu suna son su ji yadda ka fara."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta buɗe haka ba. Ya ajiye takarda, ya gyara babbar riga, ya yi wa direbobi alama su kashe mota. Ashe da kaza ɗaya ya fara. Mun ji launin kazar. Mun ji yadda ta yi ƙwai, da yadda shaho ya so ya ɗauke 'ya'yan ya hana, abin da ya nuna tun yana yaro shi mai kare talaka ne. Yana cikin bayanin yadda kaji suka zama akuya sai wayata ta yi ƙara, na kara a kunne, ihun Nana Khadija ya kusa fasa mini dodon kunne.

"Baho ya kife! Wallahi baho ya kife! Ga ɗan banzan ninjan nan shina rawa!"

Na wurga hulata sama. Dinah ta gane, ta rangaɗa guɗa, wannan karon ta gaske, matan suka ɗauka, tuluna suka amsa. Fili ya rikice.

Mai Girma ya tsaya yana kallonmu. Ya ciro hankici ya share ido. Ya ce a gaskiya ya yi niyyar in ya gama wannan zango ya koma gona ya huta, iyalinsa ma sun roƙe shi. Amma soyayyar da ya gani yau ta fi ƙarfinsa. Ba zai iya juya wa jama'a irin wannan baya ba. Zai sake tsayawa.

Dattijon nan ya harare ni. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Muna shiga unguwa jiniya na fita gari, fitilu suka mutu. Mun tarar da Markus zaune gaban baƙin talabijin, riga sharkaf da gumi, babban yatsansa ya kumbura. Dinah ta tsaya a kansa, murya a dishe, ta ce, "Saja, a kawo abinci?"

Ya ce, "A kawo." Ya ci kwano biyu.

Jiya ya tare ni a ƙofar gida. Wai Goodness ta taya shi murna, ta kuma ce wasan yana da kashi na biyu, ya fi wannan tsawo, za ta aiko da shi. Yana son ya san ko za a sake samun irin wannan dama. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Na duba filin da kyau, akwai sauran wurin harsashi da yawa.