Burodin Jiya a Kwanon Surukata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kama girki a gidan miji ba. Ko na so in manta ma matan gidanmu ba za su bar ni ba, don har gobe in aka shigo da burodi sai wata ta yi gyaran murya ta kalle ni ta gefen ido.

Ni 'yar Bacirawa ce, a nan aka haife ni, a nan na girma. Da aka ɗaura mini aure da wani malamin firamare aka kai ni ƙauyensu da ke gaba da Ɗambatta, sai na tafi ina ji kamar birni guda na ɗauko a ka zan sauke musu. (Wai Bacirawa ce birni! Mu da sai mun sauya adaidaita kafin mu shiga cikin gari.) Ga shi kafin biki na ɗan koyi girke-girken zamani a wajen wata mata a unguwarmu, sai iyayi ya haɗu da rawar kai, abin ya zama ba magani.

A gidan da aka kai ni, amarya ba ta taɓa tukunya sai ta yi sati. Ranar da ta kama girki kuwa, kwanon farko na uwar miji ne, kuma daga bakinta ake jin hukunci. In ta ce "yarinyar ta iya," to kin samu gindin zama. In ta yi shiru, wannan shirun zai bi ki har ki aurar da 'ya'yanki. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, tsohuwa ce mai kwarjini, mijina kuwa shi ne ɗanta na ƙarshe, Auta take ce masa. Ba abin da nake so a duniya a lokacin kamar in ji Inna ta yabe ni.

Duk amaren da aka kawo gidan kafin ni da koko da ƙosai suka fara, ko waina da miyar taushe. Ni kuwa na ce ina! In yi abin da kowa ya yi? A cikin kayan kicin ɗina akwai na'urar gasa burodi, wadda muke ce wa tosta, ƙanwar babata ce ta ba ni gudummawa. Na ƙudurta a raina cewa da ita zan girgiza ƙauyen nan.

Ana gobe zan kama girki ranar kasuwar Ɗambatta ce. Tunda amarya ba ta fita, sai na zaunar da maigidan na fara ba shi lacca.

"Malam, don Allah burodi za ka sayo mini. Amma fa ba kowanne ba."

Ya ce, "Burodi ai burodi ne."

Na ce, "A'a, na gashi daban ne. Kada ka sayo mai laushin nan da ke lotsewa in an taɓa shi, wuƙa ba ta yanka shi, sai dai ta dagargaza. Kada ka sayo mai sukari da yawa, nan da nan yake ƙonewa. Kada ka sayo mai ɗumi. Ka latsa shi, wanda ka ji ya ɗan yi tauri, shi nake so. Kai, in da hali ma ka ce a ba ka na jiya, wanda ya kwana ya sha iska."

Ya zuba mini ido. "Yanzu ni da girmana, ango guda, in tsaya a tsakiyar kasuwa in ce a ba ni burodin jiya?"

Na turo baki, na juya masa ƙeya. To kun san ango a satin farko, ko rijiya aka nuna masa aka ce ya faɗa sai ya tambaya da ka ko da ƙafa. Ya ɗauki hularsa ya hau babur.

Abin da na gaya masa duk gaskiya ne, har yau ina kan bakana. Abin da na manta shi ne, a wajen mutanenmu burodin kirki ɗaya ne tak: mai ɗumi, mai laushi, mai zaƙi, wanda in ka latsa ledar yatsanka zai nutse. Shi ake kai wa tsaraba, shi ake kai wa dubiya. Wanda ya kwana kuwa ƙarƙashin tebur ake tura shi, sai wanda hannunsa ya gaza yake zuwa a ɓoye ya karɓa da rangwame.

Daga baya na ji yadda aka yi. Wai ya tsaya gaban mai burodi yana latsa wannan yana ajiyewa, yana latsa wancan yana girgiza kai. Mai burodi ya ce, "Malam, yanzu aka sauke wannan, taɓa ka ji ɗumi." Bawan Allah ya ce, "Ya yi laushi da yawa. Ba ka da na jiya?" Mai burodi ya kalle shi sama da ƙasa, ya sunkuya ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ashe dab da wurin Gwaggo Laure, ƙanwar mahaifinsa, tana zaune tana sayar da man gyaɗa. Komai a kan idonta aka yi. Kafin ya iso gida labarin ya riga shi.

Ni ina ɗaki ban san wainar da ake toyawa ba. Da ya kawo na latsa na ji tauri, har da yi masa kirari.

Washegari ba wutar lantarki, kuma dama ba a sa ran ta. Na riga na sa ya aro janareta a wajen mai cajin waya. Ana idar da sallar asuba aka tayar da shi, kaji suka watse, awaki suka hau kuka, gida duk ya ɗauka. Ni ko a jikina. Na yanka burodina kaurin yatsa, na shafa bota, na jera a tosta. Wallahi ya yi kyau! Ya fito ja-ja-ja, in ka karya sai ka ji ƙaras. Na yanka shi kusurwa uku-uku, na jera a faranti, na haɗa shayi mai kauri da citta da kanumfari. (Har hoto na ɗauka na tura wa ƙawayena na Bacirawa, suna ta zuga ni, Allah ya yafe musu.)

Na lulluɓe da mayafi na ɗauki tire zuwa ɗakin Inna. Kamar kullum na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na gaishe ta na tura tiren. Ta ce, "Sannu 'yar nan, Allah ya yi albarka." Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, kunnena a waje, ina jiran yabo.

Hantsi bai gama dubawa ba sai ga matar babban wan mijina da kwanon koko da ƙosai. Ta ajiye ta ce, "Ci ki ƙoshi amarya. Zaman duniya ɗan haƙuri ne." Na yi godiya. Tana fita wata ta shigo da ɗumamen tuwo. Maƙwabciya ta aiko da fura. Can sai ga Gwaggo Laure da kanta, da ƙwaryar gero da kwalbar man gyaɗa. Ta kama hannuna ta matse, ta ce, "Ke dai 'yar halak ce, kin iya rufin asiri. Ki bar mu da shi."

Kun san me na ɗauka? Tukwici! Na ce a raina, lallai gasasshen burodi ya yi aiki, dubi yadda ake ta yi mini hidima. Har na fara tunanin abin da zan girka musu da rana.

Ina cikin wannan farin ciki na jiyo muryar Inna daga tsakar gida, kuma ba muryar yabo ba ce. Na ɗaga labule kaɗan. Ga mijina a tsugune, hula a hannu. Ga Inna a kan tabarma, matan gida sun kewaye ta.

"Auta, ni za ka kunyata? Rumbun gidan nan a cike, Allah bai hana mu ba, ka ɗauko 'yar mutane daga gidan ubanta ka rasa abin da za ka ba ta sai busasshen burodi? Laure, faɗa masa abin da kika gani."

Gwaggo ta gyara zama. "Da idona, Yaya. Ana ba shi mai ɗumi yana turewa. Daga ƙarƙashin tebur aka zaƙulo masa."

Inna ta ce, "Yarinyar nan don ta rufa maka asiri ta tashi da asuba ta ɗumama shi, garin ɗumamawa ya ƙone mata, ta yanka shi fale-fale don ya auka. Da wane ido zan kalli iyayenta?" Sai ta sa gefen zane tana share hawaye.

Shi kuwa, tunda ba a musu da uwa, kuma ba zai tona ni ba, ba abin da yake cewa sai, "Ki yi haƙuri Inna."

Na riƙe labulen gam. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce mini, saki labulen nan ki koma ki sha kokonki, ai ke ce abar tausayi, kowa yana son ki. Amma da na ji Inna ta ce a kira mata yayyensa maza daga gona a zo a yi masa taron dangi, sai na ga abin ya wuce wasa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ja mayafi na fito, na zube a gefen tabarma.

"Inna, ba laifinsa ba ne. Ni na ce ya sayo na jiya."

Inna ta juyo gare ni.

"Ke kika ce?"

"Ni ce."

"Ga mai laushi a kasuwa, kika ce a kawo busasshe?"

"E, Inna. Shi ya fi kyau da gashi."

"To ƙonewar fa?"

"Ba ƙonewa ya yi ba. Haka ake yin sa."

"Da gangan?"

"Da gangan."

Ta ce, "Wannan injin da ya hana mu lazimi da asuba, don a ƙara busar da busasshen burodi aka ɗauko shi?"

Muryata kamar ta sauro na ce, "Haka ake ci a birni."

Gwaggo Laure ta tafa hannu ta ce, "Allah ya kawo wa mutanen birni ɗauki!"

Wayyo! Matar wan mijina ce ta fara fashewa da dariya, sai gida ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu riƙe ciki, har da mijin nawa da na fito ceto. Na so ƙasa ta tsage in shige. Garin neman ƙiba na samo rama. Cikin ruɗewa na ɗago kai, kuma wannan ne karo na farko tun da aka kawo ni gidan da na kalli fuskar surukata sosai. Tana dariya baki buɗe. Jama'a, haƙoranta biyu ne. Biyu rak, su ma ba sa fuskantar juna. Sati guda ina gaishe ta kaina a ƙasa don kunya, ban taɓa ganin bakin da nake shirin burgewa ba.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Bari in ɗauko farantin in sake miki wani abin."

Ta share hawayen dariya ta ce, "Wane faranti? Ai na cinye."

"Kin cinye?"

"Tas. Na tsoma shi a shayi na jira ya dawo burodi. Gefe-gefen da ya ƙi jin magana na tsotse shi kamar alewa. Kwanon farko na amarya ba ya komawa da saura, 'yar nan, ko dutse ta dafa."

A nan ne kuka ya ƙwace mini, na gaske. Tsohuwar nan ta zauna ita kaɗai a ɗaki tana fama da dasashi, tana zaton yunwa nake ji, ta cinye abin da ba ta iya taunawa don kada a yi mini dariya. Ni kuwa ina can ina tura hoto.

Ta dafa kaina ta ce, "Share hawayenki. Shayin dai ya yi daɗi, na ji citta. Wadda ta iya shayi za ta iya tuwo." Matan gida suka rangaɗa guɗa, rabi yabo rabi tsiya, ni dai na karɓa da hannu biyu.

Har yanzu ina gasa burodi, kuma har yanzu na jiya nake sa a nemo mini, sai dai a ɗaki nake ci, ƙofa a rufe. Idan wata amarya ta tambaye ni yadda ake zaɓen burodi mai kyau, ina gaya mata duka, batun taurin da batun sukarin. Amma nakan ce mata kafin ta latsa burodin, ta daure ta ɗaga kai ta ƙirga haƙoran wanda zai ci.