Ranar da Tawada Ta Wanke a Jikina

Ba zan taɓa mantawa da bitar maniyyata aikin Hajji da aka gayyace ni in gabatar a Safana ba. Surukina na cikin masu tafiya a shekarar, kuma shi ya ce a kira ni. Tun daga ranar zama ya gagare ni.

Malaminmu na firamare, Allah Ya jiƙansa, da takarda da koko yake gina mana rumbu da gada, ya ce haka nasa malaman suka koya masa, don abin da ido ya gani ya fi zama. Na ce to, ni ma samfurin Ka'aba zan haɗa, tsofaffi su ga inda ake fara ɗawafi. Na yanka kwalin taliya, na liƙe, na ɓare, na sake liƙewa. Da aka zo shafa masa baƙi sai na raina fentin kasuwa, na dafa tawadata ta gawayi da ƙaro, irin wadda nake rubutun ajami da ita tun ina yaro. (Uwargida ta ce, "Malam, damina fa ake." Na ce ta bar wa masu ilimi.)

Na hau bayan babur daga Batsari cikin farar rigata, na rungume samfurin a ƙirji. Ina ta leƙen sama, ina ce wa direba ya ƙara wuta. Yayyafi ne kawai ya same mu, wallahi ko ƙasa bai jiƙa ba.

Na shiga da sallama, aka amsa, sai kowa ya zuba mini ido. Na duba hannuna: kwali ya koma kwali, har sunan taliya ya fito ɓaro-ɓaro. Baƙin duk yana kaina, daga gemu zuwa gwiwa. Surukina ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Wata tsohuwa daga Runka ta ƙare mini kallo ta ce, "Sannu angona. Ku miƙo ƙwarya a wanke Malam mu sha!"

Har liman sai da ya rufe baki da rawani. Tebur aka ajiye a tsakiya a madadin Ka'aba, kamar yadda aka saba, na yi bayanin ina ɗiga.

Shekara da shekaru ina wanke allo da hannuna, amma sai ranar na tuna tawadar allo don a wanke ta aka yi ta. Yanzu in uwargida ta ce damina ake, nakan ce, "Na'am, Malama."