Sobiyar da Ta Wanke Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba da azumin da na yi wa Gwaggo Asabe wanka da sobiya a tsakiyar falonta.

Ga wanda bai taɓa shan ruwa a Makka ba, sobiya ita ce abin shanmu na Ramadan. Burodin alkama ake jiƙawa da sukari da kirfa da hel (wani kayan ƙanshi na shayin Larabawa), a bar shi a inuwa ya ɗan yi tsami, a tace, a sanyaya. Gwaggo, yayar babana, ita ke yin ta masallacin layinsu a unguwar Tandabawi tun kafin a haife ni. Da gwiwa ta fara hana ta tsayuwa, sai ta ce za ta bar wa ɗaya daga cikinmu aikin, ni ko 'yarta Rukayya. Kowa ta yi tata ta kawo a ɗanɗana.

"Ke kam ban sa rai ba," ta ce mini. "Sobiya haƙuri take so, ke ko shayi a tsaye kike sha."

Maganar ta tsaya mini a wuya. Na jiƙa burodina, na leƙa, na sake leƙawa, ko alamar tsami babu. Ni da jira ba ma shiri (ko lifta ta yi jinkiri, matakala nake bi). Sai na tace ta, na ɗura a gorar roba, na murɗe murfin tam, na kai saman gida inda ranar Makka za ta yi mini aikin da sauri. Ban gaya wa Umma ba. Da na sauko da gorar ta yi tauri kamar ƙwallo, ni kuwa na ce alamar nasara ce. Na jefa ta firji na ɗan lokaci, muka tafi gidan Gwaggo shan ruwa.

An shimfiɗa leda, an jera dabino da sambusa, kowa na jiran kiran salla. Ta Rukayya tana cikin jug, lafiya lau kamar mai ita. Na dubi tawa na ga garin ya kwanta a ƙasa. To, me ake yi wa kunu idan ya kwanta? Na girgiza ta da kyau, na durƙusa gaban Gwaggo, na murɗe murfin.

Murfin dai silin ya daka. Sobiya ta yi tsiri, ta sauko a kan Gwaggo tun daga ɗankwali har tabarau. Ga shi ba a kira salla ba, fuskar kowa ta jiƙe, babu mai iya buɗe baki don kar azuminsa ya tafi. Umma ta datse leɓe tana zagina da ido kawai. Rukayya ta kifa kai, kafaɗunta na rawa. Gwaggo kuwa ta zauna ƙiƙam, kumfa na ɗiga daga haɓarta. A rayuwata ban taɓa jiran ladan irin na ranar ba.

Da aka kira, Gwaggo ta ci dabino ɗaya, ta goge tabarau, ta miƙo kofi.

"Yalla, maza zuba abin da ya rage."

Ta sunsuna tukuna. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta lumshe ido. Ni ma na kurɓa don in san hukuncina. Wallahi ƙanshin alkama ne ya fara zuwa, kamar burodi mai zafi, sai hel, sai ɗan tsami mai tsikarin harshe, zaƙin kuma bai yi yawa ba. Sobiyar kirki ce, ko da ni na yi.

"Da ta ƙara kwana a rufe, da ta zama abin da ba a sha a garin nan," in ji Gwaggo. "Amma tana da rai. Rukayya, taki ruwan sukari ce, 'yata."

Ta juyo gare ni. "Gobe ki zo ki ɗauki tukunyar sobiyar masallaci. A inuwa, a buɗe, da ƙyalle a baki. Kika sake kai ta rana, khalas, mun gama."

Yanzu sobiyata ake sha a masallacin layin, kuma ba ta kwana. Haƙurin dai har yau ban koya ba, ƙarya ba kyau. Abin da na koya shi ne, duk gorar da ta kumbura, a banɗaki nake buɗe ta, ni kaɗai, bayan magariba.