Piyanon da Ruwa Ya Ci a Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido a kan mutanen gidana, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar piyanona, wanda ya yi shekara da shekaru a kusurwar falo, kusa da taga.

Marigayin mai ladabi ne. Ba ya magana sai an taɓa shi, halin da na nema a wurin 'ya'yana na rasa. Babu malamin da ya koya mini kaɗa shi. Ni da shi muka koyi juna, yatsa bayan yatsa. Kowace safiya da muryarsa nake tashin gida, tin-tin-tan, domin barcin hantsi ba ya gina mutum. Bai taɓa gunaguni ba. Masu gunaguni daban ne, kuma na san su.

Ciwon ajali ya same shi ranar da na yi tafiya. Na dawo na tarar maɓallansa sun kumbura, in ka danna ɗaya sai ya nutse ya ƙi tasowa. Uwar 'ya'yana ta ce rufi ne ya yi yoyo. Na hau tsani na shafa silin, a bushe yake ƙayau. Babban ɗana ya ɗora wa kyanwa laifi. Ni dai ban taɓa ganin kyanwar da za ta ɗaga murfi, ta zuba ruwa a maɓallan tsakiya kaɗai, waɗanda nake kaɗawa, ta rufe, ta goge wurin ba.

Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya zare maɓallan, ya jera su a inuwa gaban fanka, ya goge gefen da ya kumbura da samfefa. Ya gargaɗi kowa kada a kai su rana, katakon zai karkace. Washegari na same su shanye a tsakiyar rana, kuma wai babu wanda ya fitar da su. Da aka mayar da su, majinyacin ya yi wata murya a shaƙe, tuk, tuk, daga nan ya yi shiru. A ranar an yi dariya a kicin. Na ji da kunnena.

Ya rasu ya bar kujerarsa, da mayafinsa, da ni. Ya kuma bar kusurwar da uwar 'ya'yana ta auna tun yana da rai, ta ga firjin da take so zai shiga daidai.

Kafinta zai zo ɗaukar gawa ranar Asabar da hantsi. Kowa a gidan nan zai sa hannu, ni kuwa zan tsaya a bakin ƙofa ina duban fuskoki. Wanda ya fi kuka, da shi zan fara bincike. Ba a buƙatar ta'aziyyar maƙwabcin da ya riga ya yi mini barka.

Kusurwar kuma ba ta firji ba ce. Magajin marigayi yana nan tafe, na lantarki ne, da lasifikarsa. Mai niyyar zuba masa ruwa ya fara barin wasiyya.