Ranar da Yulieth Ta Kashe Don Abundio

Kowace safiya Don Evaristo kan fito da kujerarsa mai lilo ƙofar gida, ya zauna da kofin gahawa yana jiran motar birnin Barranquilla ta kawo jarida. Tsohon ɗan jarida ne, a wannan aikin ya yi furfura. Ranar Talatar nan motar ba ta kai ga isowa ba, sai ga jikanyarsa Yulieth a kan babur. Ita ce mai shafin labaran garinmu a intanet, kuma da shi take ci da sha.

"Ina kwana, Kaka. Har yanzu labarin shekaranjiya kake jira?"

"Labarin da aka tantance nake jira, uwar gaggawa."

"Takardar naɗe kifi dai. Bari in taimake ka: Don Abundio ya rasu. Tun da asuba na wallafa, rabin gari ya karanta."

"Abundio abokin wasan dominona? Wa ya gaya miki?"

"Idona. An kafa rumfa a ƙofar gidansa, an jera fararen kujerun roba har bakin titi. A garin nan me ake yi da su in ba zaman makoki ba?"

"Kin ga gawa?"

"Ni likita ce?"

"Kin ji ƙararrawar coci? Kin tambayi matarsa?"

"In tsaya tambaya wani shafin ya riga ni? Ku a zamaninku kafin ku buga mutuwar mutum, jikokinsa sun fara dogara sanda."

"Amma wanda muka kashe ba ya tashi. Yarinya, Abundio sana'ar ba da hayar kujerun makoki ya fara. Jiya ya sayo su, ya wanke, ya shanya. Ni na riƙe masa tiyo."

"Kai da cokali ma rawa yake a hannunka?"

Ba ta rufe baki ba sai ga mamacin ya ɓullo daga kwana, yana huci, rataye da kambin furannin da wani ya aika gidansa don ta'aziyya.

"Yulieth! Ƙanwata ta hau mota daga Mompox tana kuka! Matata tun safe take raba wa masu gaisuwa gahawa! Kuma wa zai yi hayar kujera a hannun matacce?"

Ya jefa mata kambin a cinya, ya juya. Yulieth ta zaro waya.

"Yanzu zan goge labarin. Shi ke nan, kamar ba a yi ba."

"Goge mana," in ji tsohon. "Gobe ko kogin Magdalena kika ce ya yi ambaliya, sai kowa ya je ya tsoma ƙafa kafin ya yarda. Mu in mun yi kuskure, a shafin farko muke cewa mun yi."

"Don ba ku da maɓallin gogewa ne, ba don gaskiya ba."

"Ko ma don me ne, zauna ki rubuta. Kuma ki bi shi gida ki ɗauki hotonsa yana numfashi."

Haka suka wuni. Ta bi Don Abundio ta ba shi haƙuri, ta tari ƙanwarsa a tasha, ta ɗauke shi hoto yana zaune a kan kujerunsa. Da yamma ta dawo, tsohon na shifta tana bugawa: shafin nan ya yi kuskure, ba a tambayi kowa ba, Don Abundio yana raye, kuma kujerunsa na haya ne. Ta danna, gyaran ya fita.

"To, edita, na sallama," in ji ta. Ta ɗauki kambin ta rataya masa a wuya. "Ga ladanka. Ajiye shi, ai kai ne na gaba a layi."

"Da sharaɗi."

"Na sani. Sai na mintsine ka ban ji ihu ba, sannan in wallafa."

Don Evaristo ya yi dariya har da tari.